Ummi Nawa Ne a Lungun Nan?

Na san za a ce yarinya kamata me ta gani a duniya da har za ta zauna tana cewa "a da". To, a ce. Ni dai abin da na sani shi ne, kwanan baya na ɗauki wani tsohon rediyo na zaga Jakara kaf ina neman wanda zai duba mini shi, ban samu ba. Rumfunan da na sani cike da gawarwakin rediyo, waɗanda tun daga bakin hanya ake jin ƙaurin dalmarsu, yanzu duk gilashi ne da fitilu masu walwali, ana sayar da caja da rigar waya. Wani saurayi ya jujjuya rediyon a hannunsa ya ce, "Anti, ki jefar kawai, ai wayarki tana da rediyo." Na karɓi abina na juya, don ni ba ni da haƙurin tsayawa yi wa mutum bayani. Amma tun daga nan har na isa gida gabana yake faɗuwa, irin faɗuwar da na ɗauka na rabu da ita.

Lungunmu a Soron Ɗinki, lokacin da nake tasowa, da kunne ake saninsa. Kafin gari ya gama wayewa ka ji guga tana bugun bakin rijiya, ka ji tsintsiya, ka ji injin markaɗe ya tashi can wajen titi. Da hantsi sai daka, turmi yana amsa wa turmi ta saman katanga, har ka iya cewa wannan luguden na 'yan gidan wane ne. A ƙarƙashin duk wannan kuma akwai rediyo. Kowane gida da nasa, a rataye a ƙusa ko a jingine da randa, an ɗaure bayansa da roba don kada batir ya zube. Idan aka aike ka, sai ka fita daga gidanku ana tsakiyar sanarwa, ka bi lungu sanarwar tana bin ka daga soro zuwa soro, ka isa inda aka aike ka ba ka rasa ko kalma ɗaya ba. Da an ce "Inna lillahi" sai taɓarya ta tsaya a sama, kowa ya kasa kunne ya ji ko nasa ne ya tafi. Yanzu kuwa ka shiga gida mai cike da mutane ka tarar da shiru kamar ana zaman makoki, kowa ya toshe kunne, ya sunkuya yana yi wa tafin hannunsa dariya.

Tsofaffin lokacin da dokokinsu suke. Kada a zauna a dokin ƙofa. Kada a zubar da ruwan zafi babu bismilla. Kada a yi shara da magariba. Amma wadda aka fi dasa mana a rai ita ce ta kira: in ka ji an kira sunanka ba ka ga mai kiran ba, ka kama bakinka. Kakarmu takan ce, "Maye ba ya fasa ƙofa, kira yake yi. In ka amsa, kai da bakinka ka miƙa masa kurwarka." Takan kuma ce maita a nono ake shan ta, uwa in mayya ce to 'ya'yanta duka sun sha. Da rana mukan yi wa maganar dariya, mu 'yan boko. Amma ko ni da ake ce wa mai taurin kai, in na ji kamar an kira ni daga bayan gida, sai na leƙa na ga fuska kafin in ce na'am. Yaran yanzu murya tana fitowa daga aljihunsu su amsa ba ko tunani. Ban ce laifi ba ne. Cewa na yi ba su san abin da muka sani ba.

Ina aji huɗu na sakandare malamarmu ta kimiyya ta zana wani abu a allo, ta ce rediyon da ke gidajenmu karɓa kawai yake yi, amma da 'yan tarkace kaɗan mutum zai iya haɗa abin da zai aika da muryarsa ta iska, rediyo ya kama. Rabin ajin suna gyangyaɗi. Ni kuwa kamar an zuba mini garwashi a kujera. Ranar Asabar na nufi Jakara, rumfar wani dattijo mai gyaran rediyo, abokin Babanmu. Na gaishe shi na gaya masa abin da nake so. Ya sauke tabarau ya dube ni.

"Ke 'yar nan, mace da ƙarfen liƙi?"

"Malam, ƙarfen ne ya ce ba ya son hannun mace?"

"Bakin nan naki dai, na uwarki ne. Ga kwali can, ki tsinci abin da za ki tsinta. In kin ƙone kada ki ce ni ne."

Na ƙone kuwa, har yau da tabo a ɗan yatsana. Abin ba wani abin kirki ba ne a ido. Taransista guda, mai ƙafa uku kamar murhu. Jar waya da na naɗe a jikin biro na zare biron, ta zauna kamar ɗan awarwaro. Makirfo da na ciro daga mataccen rikoda, bai fi ƙwayar gurjiya ba. Batir mai kusurwa huɗu, wanda ake ɗanawa a harshe a ji ko da sauran rai. Sai 'yan ƙananan abubuwa masu zanen launi, da doguwar waya a matsayin eriya. Duka na cusa su a gwangwanin kifi. Ba kullum ake samun wuta ba, don haka a garwashin Umma nake gasa ƙarfen liƙin bayan ta sauke kasko. Ummanmu ƙosai take soyawa a tsakar gida, ƙanwata Ummi tana kai talla, wasu kuma suna aiko yara da kwano. Babanmu yana bin motocin shanu zuwa Kudu, in ya tafi sai ya jima, ƙosan nan ne ke riƙe da gidan kafin ya dawo. Umma takan harare ni ta ce, "Ke dai wata rana sai kin ƙone mana gida da tarkacen nan." In ce, "Umma, gidan ƙasa ne, ba ya ci."

Na haɗa na warware, na haɗa na warware, har na daina lissafi. Ranar da abin ya yi, hura makirfon kawai na yi, sai ɗan rediyona ya ce fuu daga can kan gado. Na sake hurawa, ya sake cewa fuu. Na ce, "Salamu alaikum," rediyo ya yi mini sallama da muryata. Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi, ni da na haɗa abin da hannuna. Ya kamata tun a nan in gane yadda zai zame wa wanda bai san da shi ba.

Abin da ya rage shi ne in san iya nisan da yake kaiwa. Damina ce, an yi ruwa da safe, gari ya yi luf. Da la'asar na ɗora gwangwanin a kan taga kusa da inda Umma take suyar yamma, na maƙala eriyar a igiyar shanya, na sa ɗan rediyona a cikin hijabi na fita. A soro ina jin mai yana ƙara a kasko. A tsakiyar lungu ina ji. Har ƙarshen lungu, daidai ƙofar gidan wata tsohuwa da ake kira Hajiya Iya, ina ji tar kamar a kunnena ake suyar. Sai ga muryar Umma, da ƙarfinta kamar yadda ta saba: "Ummi! Ummi! Zo nan mana, ke nake jira!" Ƙanwata take kira ta zo ta ɗauki tire. Na toshe baki ina dariya ni kaɗai, na juyo gida ina ji kamar na ci sarauta.

Washegari da safe Ummi ta fita talla, ba ta jima ba ta dawo da tirenta a cike. Ta ce duk gidan da ta yi sallama sai a ce ba a ci. A wani gidan ma an janye yaro daga kusa da ita. Babu wanda ya aiko da kwano. Umma ta tsaya da matsami a hannu tana duban ƙofa, ta ce, "Ko rasuwa aka yi ba mu ji ba?" Ba ta rufe baki ba muka ji hayaniya tana tahowa daga ƙarshen lungu. Ba kuka ba ne, ba guɗa ba ce. Ban taɓa jin irin wannan ƙara ba, kuma ba na fatan in sake ji: muryoyin mutanen da ka sani tun kana goye, amma ka kasa gane ko ɗaya.

Mata ne suka fara shigowa, ba sallama. Hajiya Iya a gaba, ɗankwalinta a karkace, bayanta wata ta rungumo yarinya a zane. Jikarta ce, 'yar shekara bakwai ko takwas. Aka shimfiɗa ta a tsakar gidanmu, jikinta yana karkarwa, idanu a kakkafe, leɓe ya bushe. Maza kuma suka cika soro, muna jin su, har da samarin da ba 'yan lungunmu ba, wani yana buga sanda a ƙyauren gida.

Hajiya Iya ta nuna Umma da yatsa. "Sakar mini jika."

Umma ta ce, "Hajiya, lafiya? Me ya same ta?"

"Ni za ki tambaya? Jiya da la'asar tasha ta ɗauke, na bar rediyona yana shuu ina jiran ta dawo. Ni da yarinyar nan kaɗai a ɗaki. Sai ga murya daga cikin akwatin: Ummi, Ummi, zo nan, ke nake jira. Kafin in rufe mata baki ta ce na'am. Ta amsa! Magariba ba ta yi ba jiki ya ɗau zafi. Yanzu ba abin da take faɗa sai mai ƙosai tana kirana, mai ƙosai tana kirana."

"Hajiya, ni? Ni da na yi wa uwar yarinyar nan wankan jego?"

"Shi ya sa kika san hanya! Shekara nawa ina jin muryarki a lungun nan? Ko a kabari aka tashe ni zan gane ta."

Wata daga baya ta ce, "Da ma ni na daɗe ina mamakin yadda ƙosan nan yake shiga rai." Matar nan ko kwana uku ba a yi ba ta zo ta ari turminmu.

Aka fara cewa ta tsallaka ta, ta tsallaka ta. Haka ake yi: wadda ake zargi ta tsallake marar lafiya, wai kurwar ta koma. In kin tsallaka kin amsa ke mayya ce, in yarinya ta warke an tabbatar, in ta mutu kin cinye. In kin ƙi, ga samari a soro. Na dubi Umma. Matar da ba a taɓa fin ta baki a lungun nan ba, sai ga shi leɓenta yana motsi ba abin da ke fita. Matsami ya faɗi daga hannunta. Ummi tamu ta ƙanƙame mini hijabi tana fitsari a tsaye. Na ga yadda matan suke kallonmu mu biyu, ba Umma kaɗai ba, sai na tuna maganar nono. Daga ranar ba mai cin abin hannunmu, ba mai zama kusa da mu a makaranta, ba mai barin ɗansa ya tako soronmu, har jikokinmu. Wannan ma in an bar mu da rai.

Na san abin da ya faru tun Hajiya ba ta kai ƙarshen maganarta ba. Amma sani daban, ƙafa ta ɗauke ka daban. Sai da na ga mata biyu sun kama hannun Umma suna jan ta wajen yarinyar, sannan na fizge na faɗa ɗaki na ɗauko gwangwanin.

"Ga abin da ya kira ta! Ni na haɗa shi! Ba Umma ba ce, wannan ne!"

Ashe ƙara wa wuta fetur na yi. Suka ga gwangwani da wayoyi suna reto, sai wata ta kurma ihu, "Ga shi nan! A gwangwani suke tara kurwar!" Wani saurayi ya kutso daga soro ya warce shi daga hannuna, ya matse, ya ɗaga zai maka da ƙasa. Da ya fasa shi, da shi ke nan, ba ni da sauran shaida a duniya. Allah ya kawo Mai Unguwa a daidai lokacin, wani ya je ya kira shi. Dattijo ne mai sanyin magana, amma ranar tsawa ya daka.

"Kai! Ajiye! Gidan mutum ne nan ko kasuwa? Maigidan ba ya nan shi ne za ku shigo wa iyalinsa?" Ya juyo gare ni. "Ke kuma, mene ne wannan?"

Na yi bayani, ban san me na faɗa ba, harshena yana harɗewa. Ya ce bai gane ba, amma a je a ɗauko rediyon Hajiya, shi ɗin dai, kada a taɓa maɓallinsa. Aka kawo, aka ajiye a kan turmi, aka kunna. Tashar ba ta dawo ba tun jiya, shuu kawai yake yi. Na haɗa batir. Na kai bakina kan makirfo na ce, "Salamu alaikum."

Shuu.

Na sake. Shuu.

Wata ta ce, "Kun gani ko? Ƙarya take, uwarta take karewa." Sandar nan ta sake bugun ƙyaure. Na leƙa cikin gwangwanin, hawaye ya hana ni gani sosai, na goge. Naɗin jar wayar nan ne saurayin ya matse, ya lanƙwashe ya haɗe wuri guda. Shi ne ke sa murya ta sauka a inda take sauka a rediyo, in ya ɗan buɗe ko ya ɗan matse sai ta koma wani wuri. Kuma ba a gyara shi da yatsa, don hannu yana kusantarsa yake gocewa. Na tsuguna na zari tsinken tsintsiya. Da farko tsinken ya ƙi shiga tsakanin wayoyin. Ina jin numfashin mutane a kaina, ina jin yarinyar tana nishi, ina jin Umma tana maimaita Hasbunallahu can ƙasa-ƙasa. Na buɗa kaɗan. Shuu. Na ƙara kaɗan. A raina ina cewa, ya Allah ko sau ɗaya, daga nan ka karɓe abin har abada.

Sai rediyon ya yi wata irin kururuwa, siririya mai huda kunne, don na kusanto da makirfon dab da shi. Mata suka watse, wata ta bar takalmi, wata ta faɗa kan randa. Mai Unguwa da kansa ya ja da baya ya ce, "A'uzu billahi!" Na janye gwangwanin na miƙa shi saitin bakinsa, daidai yana ƙarawa da, "Wannan wane irin bala'i ne?" Rediyon Hajiya Iya, daga kan turmi, ya faɗa tare da shi da muryarsa, har da ɗan tarin da ya biyo baya.

Mai Unguwa ya dubi rediyo, ya dubi gwangwani. Ya matso a hankali ya ce, "Ɗaya, biyu." Rediyo ya ce ɗaya, biyu. Ya ce, "To, jama'a, ni ma maye ne ke nan?"

Ba wanda ya yi dariya. Hajiya Iya ba ta sauka ba tukuna. Ta ce, "To na ji, na'ura ce. Amma don me za ta kira sunan jikata? Sunanta ta kama, ƙiri-ƙiri!"

Nan haƙurina, da ma ba shi da yawa, ya ƙare. Na jawo ƙanwata gaba, zanenta a jiƙe, na ce, "Hajiya, wannan sunanta wa? Don Allah Ummi nawa ne a lungun nan? Duk gidan da aka mayar wa yarinya sunan kakarta, Ummi ake ce mata. Gidanku akwai, gidanmu akwai, gidan mai ɗinki har biyu. Tallar ƙosai ake kiran tamu ta ɗauka!"

Na ga bakin wata yana motsi, tana ƙirga Ummin da ta sani. Mai Unguwa ya ce wa uban yarinyar, wanda ya raɓe a bakin soro, "Kai kuma ka tsaya kallo? Ɗauki 'yarka ku tafi asibiti, tun jiya ya kamata." Zazzaɓin cizon sauro ne, ya hau mata kai. Ta kwanta kwanaki ta tashi. Sau da yawa ina tunanin da ba ta tashi ba, ko gwangwanina zai ishe mu shaida. Ba na jin zai isa.

Suka fita ɗaya bayan ɗaya, ba mai kallon idon wani. Ba wadda ta ce a yi haƙuri. Mai takalmi ma ba ta dawo ɗauka ba. Daga baya kwanuka suka dawo, amma ba duka ba. Akwai gidajen da har muka daina suya ba su sake aikowa ba, in an tambaye su sai su ce ai mai yana damunsu.

Da gida ya zama namu, na zauna a bakin ɗaki ina jiran duka. Ina ma so a dake ni. Umma ta wanke wa Ummi jiki, ta kwashe ƙosan da ya huce ta rufe, ta share inda aka kwantar da yarinyar. Sannan ta ɗauki gwangwanin daga ƙasa, da yatsu biyu, ta kawo ta ajiye a gabana. Muryarta ta dushe kamar ba tata ba.

"Ungo abinki. Ba ki yi sata ba, ba ki yi ƙarya ba. Amma in za ki kunna, ki riƙa gaya mini, in yi shiru."

Ban sake kunna shi a gidan ba. Amma shirun, ta yi shi. Washegari ina kallonta ta juya za ta kira Ummi, ta buɗe baki, ta dubi katanga, ta rufe. Ta dafa gwiwa ta tashi, ta bar mai a wuta, ta taka har ɗaki ta taɓa kafaɗar yarinyar. Haka take yi har yau da ƙafa ta yi mata nauyi. Jikokinta sun ɗauka haka Allah ya halicce ta, mace mai sanyin murya.